Matakalar Haladu Dubai

Idan ka shiga Kazaure ka ce kana neman Haladu Maikasuwa, sai a yi ta kallon-kallo. Amma ka ce Haladu Dubai, ko ɗan acaɓar da ya shigo garin jiya zai ce maka, "Hau in kai ka."

Asalin sunan kuwa, shekarun baya wani attajiri ya tafi da shi Umara don ya riƙa ɗaukar masa jaka, jirginsu ya yada zango a Dubai. Haladu bai taka ko ƙofar fita daga filin jirgin ba. Abin da ya yi kawai, ya ga matakalar nan mai tafiya da kanta, ya hau, ya sauko, ya sake hawa, har wani ma'aikaci ya zo ya tambaye shi ko ɓata ya yi. Tun daga ranar babu abin da ke burge shi a ƙasar Kazaure. Idan an yi ruwa ya ce a Dubai ba haka ake ruwa ba. Idan matarsa Dela ta ajiye masa tuwo ya ɗaga faifai ya ce, "A Dubai da kin ga yadda ake kwashe tuwo." Ita kuma ta ce, "To Baban Nafisa, ajiye wannan, ka jira na can."

Sana'arsa dillancin filaye ce, ofishinsa kuma bencin mai shayi. A nan ya ji cewa Hukumar Sabunta Fasalin Gari na neman wanda zai gina kantunan zamani a Filin Dutse, wani fili da ke bayan tsohuwar tasha, wanda wani sulɓaɓɓen dutse mai tsawon bene yake tsaye a gefensa. A filin matan rugage suke sayar da fura da nono, masu albasa suna zube kayansu, 'yan adaidaita sahu suna jiran fasinja. Wani ɗan kwangila daga Kano, Alhaji Musaddiƙ, yana son wurin, amma yana neman ɗan gari da zai tsaya masa gaban hukumar. Kafin shayin Haladu ya huce ya isa Kano.

Alhaji Musaddiƙ ya ce masa, "Malam Haladu, ginin ƙasa zan yi, jerin shaguna da rumfa da banɗaki. Ka miƙa musu zanen, ka gaishe su, ka yi shiru. Aikinka ke nan."

"Alhaji, shiru ai gadonmu ne," in ji Haladu. "A Dubai ma da shiru aka san ni."

Ranar zaman hukuma ya ci babbar riga ruwan ƙwai wadda ta sha sitaci, ya sa baƙin tabarau duk da cewa a cikin ɗaki ake zaman. Shugaban hukumar, Malam Muhammad Sani, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya bai taɓa cewa i ko a'a a kan komai ba. Mambobi na gefensa, kowa da kwalbar lemo a gabansa, wadda ita ce ke tabbatar da cewa zaman ya halatta. A bencin baya Inna Shatu ce, shugabar masu nono, da ta taho daga rugarsu ta wajen Roni don ta ji makomar wurin da ta tsufa tana ciniki.

Haladu ya miƙa zanen, ya gaishe su, ya yi shiru kamar yadda aka ce. Shirun ya kai tsawon haɗiyar miyau. Sai wani mamba ya juya zanen ya ce, "A'a, ashe ma ginin ƙasa ne."

"Ginin ƙasa?" Haladu ya zabura. "Ranka ya daɗe, wannan ai zanen harsashi ne. Hawa bakwai za mu yi. Sanyin ciki sai mutum ya shiga da bargo. Ƙofa ta gan ka ta buɗe da kanta, ko sallama ba sai ka yi ba. Mutanen Babura su zo su ga gari, mutanen Nijar su zo da sefa su koma da labari."

Mambobi suka gyara zama. Ɗaya ya tambaya, don amfanin jama'a kawai, ko shagon bakin ƙofa yana da mai shi. Haladu ya ce, "Ai naka ne." Na kusa da shi ya yi gyaran murya, Haladu ya ce ai ƙofofin da yawa, shi ma yana da na bakin ƙofa. Kafin a jima kowane mamba ya mallaki shago a bakin ƙofa, har da wanda ke gyangyaɗi.

Inna Shatu ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, mu fa? Ina za a kai mu?"

"Inna, ku ai hawa na bakwai," in ji Haladu. "Can sama, inda iska take."

"Ɗan nan, da ƙwarya a ka da goyo a baya za mu hau? Ni da gwiwar nan tawa da ko dokin ƙofa sai na roƙe ta? Kuma wane mai ƙishirwa ne zai hau sama neman fura? Kafin ya kai ai ya mutu."

"Inna, ba ke za ki hau ba. Matakalar ce za ta hau da ke. Tsayawa kawai za ki yi."

"Matakala ta yi tafiya?" Ta juya ga shugaba. "Ranka ya daɗe, a duba lemon da aka ba shi."

Aka kwashe da dariya. Malam Muhammad Sani ya buga tebur, ya ce hukuma ta saurari ɓangarorin biyu, kuma dukkansu suna da gaskiya. Amma tunda gani ya kori ji, hukuma za ta ziyarci filin mako mai zuwa, mai neman izini ya nuna mata irin wannan matakalar, daga nan ta yanke hukunci. Ya faɗi haka ne da fatan maganar ta mutu a nan, don babu abin da yake so kamar magana ta mutu da kanta.

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Haladu. Sai da ya fito rana ta buge shi sannan ya tuna cewa duk jihar bai san inda ake sayar da ko rabin matakalar ba.

Ya zarce wurin Sama'ilu mai walda, ƙanin Dela. Sama'ilu ya ɗage gilashin walda ya saurare shi har ƙarshe.

"Yaya, ka taɓa ganin cikinta?"

"Na hau ta har sai da aka san ni a wurin. Bel ne kawai yake juyawa. Turawa ne ke ɓoye abu don su yi tsada."

Suka je Kanya Babba suka sayo tsohon bel na wani injin casar shinkafa da ya daɗe da mutuwa. Sama'ilu ya haɗa dogon ƙarfe, ya ɗora bel ɗin, aka bubbuga masa guntayen katako a matsayin matakai. Saura abin da zai ja. Haladu ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya tuna injin niƙan Dela da ke zaure, wanda da shi ake cefanen gidan tun da dillanci ya ja baya. Ya jira ta tafi barkar haihuwa, suka kwance shi suka loda a baro.

Da ta dawo ta tarar da kwanukan niƙa jere da wurin inji wayam.

"Baban Nafisa, ina injina?"

"Ya tafi aikin gwamnati."

"Yaushe aka ɗauke shi aiki ban sani ba?"

"Dela, ke ba ki da hangen nesa. Nan da shekara a hawa na uku za ki riƙa niƙa, cikin sanyi."

"Masarar mutane kuma ta jira shekarar?"

Haladu ya ce yana da taro, ya fice.

A bayan shagon Sama'ilu suka yi gwaji. Suka ɗora buhun albasa a matakin farko, Sama'ilu ya ja igiyar inji. Buhun ya tashi kamar an harba shi, ya tsallake katanga ya faɗa gidan maƙwabta, inda suka ji ihun kaji da salatin wata tsohuwa. Can mai gidan ya leƙo ta saman katanga.

"Sama'ilu, albasar nan kyauta ce ko faɗa ne?"

"Gwaji ne," in ji Haladu. "Ka ga saurin kai kaya? Har gida."

"To gobe a gwada da shinkafa."

Sama'ilu ya ja shi gefe. "Yaya, abin nan ba shi da birki. Kuma injin gudu ɗaya ya sani, gudun niƙa."

"Albasa ba ta da nauyi. Idan mutum mai daraja ya hau, da kanta za ta natsu."

Saura jama'a. Haladu ya san hukuma ba ta ganin gaskiyar magana sai ta ga taro a bayanta. Ya tara 'yan acaɓa ya ce su baza labari a Roni da Gwiwa da Babura cewa ranar ziyara kowa ya zo, za a yi maganar rabon shaguna. A hanyar Roni kalmar "magana" ta faɗi. Kafin labarin ya kai Gwiwa shagunan ma sun faɗi, ya zama rabo kawai. Damina kuwa ta kawo jiki, manomi idan ya ji rabo babu abin da zai zo ransa sai taki.

Ranar ziyara tun da hantsi filin ya cika ya batse. Mutane a kan babura, a amalanke, a ƙafa, kowa da buhu ninke a hammata. An jingina matakalar da dutsen, kanta yana taɓa samansa, an lulluɓe ta da tsohon labule. Haladu yana zagayawa cikin babbar rigarsa yana ɗaga wa jama'a hannu.

Wani dattijo daga Gwiwa ya tare shi. "Malam, na zamani ne ko?"

"Na zamani ne ƙwarai, Baba. Irin na Dubai."

Dattijon ya juya ya yi shela, "Ya ce ɗan waje ne!" Wuri ya ɗauki kabbara. Haladu ya ji kansa ya ƙara girma.

Motar hukuma ta iso. Malam Muhammad Sani ya sauko, ya ga taron, ya ce lallai al'umma na ƙaunar ci gaba. Mambobi kuwa suka bazu cikin fili, kowa yana auna inda ƙofarsa za ta kasance. Biyu daga cikinsu suka haɗu a wuri ɗaya kusa da ƙoren Inna Shatu, kowa na cewa nan ne nasa, har ta ce musu in sun gama rabon su matsa mata daga kan inuwa.

Haladu ya yaye labule. Jama'a suka zuba ido suna kallon ƙarfe da bel da injin da har yanzu garin masara ke manne a jikinsa.

"Ranka ya daɗe, bismilla. Kai ne babba, kai za ka fara hawa."

Shugaba ya dubi abin daga ƙasa har sama. A duk tsawon aikinsa bai taɓa yanke shawara da sauri irin na ranar ba. "A'a, Malam Haladu. Mai abinci shi ke fara sa hannu. Hukuma kallo ta zo yi."

"Inna Shatu fa? Don ke aka yi."

"Na yafe maka ladan, ɗan nan."

Haladu ya tattare rigarsa, ya hau 'yan matakai da ƙafa, ya juyo ya fuskanci jama'a. "Jama'ar Kazaure! Yau za ku ga yadda ake hawa sama ba tare da gumi ba. Sama'ilu, tayar!"

Sama'ilu ya ja igiya. Da suka sake haɗa injin a filin, sun juya shi ba su lura ba, sai matakalar ta kama gudu ƙasa. Haladu ya ji ƙasa na janye masa. Ya juya ya fara taka matakai don kada ta watso shi, ita tana saukowa shi yana hawa, yana nan wuri ɗaya kamar kazar da aka riƙe wa fiffike. Tafiya ta koma sassarfa, sassarfa ta koma gudu. Hularsa ta faɗo, tabarau ya biyo baya.

"Kamar yadda... kuke gani..." yana haki, "babu... wahala..."

"Ɗan nan," in ji Inna Shatu, "wannan ai ka yi gudun da zai kai ka Roni, ga ka ko tsayin akuya ba ka kai ba."

"Wannan... ta saukowa ce! Sama'ilu, juya ta!"

Sama'ilu ya kashe injin. Haladu ya kife a kan matakai yana numfashi kamar zugazugi. Shugaba ya ce ko a tsaya haka, hukuma ta ga abin da ta gani. Haladu ya ɗago hannu ya ce abin kallon ma yanzu za a fara. Sama'ilu ya murɗe ƙaramin bel ɗin da ke haɗa inji da matakala don ta juya, ya ce, "Yaya, riƙe wani abu."

"A Dubai ba a riƙe komai."

Igiya ɗaya aka ja. Abin da jama'a suka gani shi ne wani abu ruwan ƙwai ya wuce sama fiu, yana salati. Gefen babbar rigar ya maƙale a ƙusa, bel ya ja ta ya zagaya da ita ƙarƙashi, ya tuɓe wa Haladu ita ta ka kamar ana feɗe akuya, ya tofar da shi a saman dutse daga shi sai singileti da wando. Rigar ta shige cikin inji, injin ya yi tari, ya niƙa abin da ya samu, ya yi wata irin jijjiga. Matakalar ta zame daga jikin dutsen, ta yi tangaɗi, ta faɗi rigijib a kan tarin albasa. Allah ya kiyaye, ba ta sami kowa ba.

Sai dattijon Gwiwa ya ce, "To, madalla, an gama wasan. A fito da takin."

"Wane taki?" in ji shugaba.

Daidai nan wata baƙar mota ta kutso cikin filin. Alhaji Musaddiƙ ne, ya zo daga Kano ya ga yadda wakilinsa mai shiru ke tafiyar da al'amura. Yana buɗe ƙofa mambobi suka rufe shi.

"Alhaji, sannu da zuwa. Nawa shagon na ƙofar gabas ne ko ta yamma?"

"Alhaji, hawa bakwai ɗin nan har da na ƙasa?"

"Wane hawa bakwai? Wane shago?" Ya waiwaya. "Ina Haladun?"

Hannuwa suka nuna sama. Haladu na tsugune a kan dutse ya rungume ƙirji, ƙadangaru na kallonsa.

"Alhaji, barka da isowa!" ya ƙwala daga can. "Kada ka damu, komai na tafiya bisa tsari. Ka ga ai na iso!"

Wani ya ce ga mai takin nan ya zo. Buhuna suka buɗe a lokaci guda, aka yi wa motar zobe. Alhaji Musaddiƙ ya rantse shi ko a gonarsa bashin taki ake bin sa, babu wanda ya ji. Ya faɗa mota ya kulle, ya ɗan sauke gilashi ya ce wa shugaba ya janye, ko kyauta aka ba shi filin ba ya so. Direba ya ja da baya, masu buhu suka raka su har bakin titi.

Malam Muhammad Sani ya ga hankalin jama'a na shirin dawowa kansa, ya hau kan wani benci ya yi jawabi. Ya ce hukuma ta gamsu cewa matakalar tana hawa, kuma tana sauka, sai dai ba ta yin su a lokacin da ake so. Saboda haka an kafa ƙaramin kwamiti da zai je Abuja ya duba ta gaske ya kawo rahoto, kuma dukkan mambobi suna cikin ƙaramin kwamitin. Kafin nan kowa ya ci gaba da zama inda yake. Mambobi suka tafa da ƙarfi, suka shige mota.

Jama'ar da suka sha rana ba taki suka juya kan masu fura. Kafin azahar babu ƙwaryar da ba a kankare ba. Inna Shatu ta kife tata, ta sa hannu a goshi ta dubi sama.

"Ɗan nan, yaya iskar hawa na bakwai?"

"Inna, a taimaka da tsani."

"Ka tsaya kawai, dutsen zai sauko da kai."

Dutsen ya ɗau zafi, Haladu na ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Sai wajen la'asar aka samo dogon tsani wurin wani mai gyaran wutar lantarki. Haladu ya sauko da baya, 'yan adaidaita sahu na yi masa kirari mataki-mataki. Yana dira ya yi arba da Dela cikin mayafinta, bayanta matan unguwa ne riƙe da kwanukan masarar da ta yi kwanaki ba a niƙa ba. Sama'ilu ya riga ya kwance injin ya ɗora a baro, sannan ya tuna yana da aiki a Babura.

Haladu ya gyara singileti, ya yi gyaran murya. "Dela, abin da ya faru, matsalar inji ce. Ƙarfinsa ne ya yi..."

"Kama," in ji ta, ta nuna masa hannun baron.

Ya kama, ya tsaya yana waige-waige ko akwai mai taya shi.

"Me kake jira, Baban Nafisa? Tura za ka yi. Wannan ba ya tafiya da kansa."